Ranar da Wadia Ta Yi Shiru

Wadia mai koko da ƙosai ta unguwar Maamobi, taubashiyata, an ce ranar da aka haife ta ita ta fara gaida ungozoma. Tun daga nan bakin bai huta ba. In ta zagi direban motar hayar nan, trotro, da ya turnuƙe mata kasko da hayaƙi, har mutanen unguwar Alajo kan leƙo su ga wa ya mutu.

Sai Allah ya ba ta Basit. Yaro ya shekara uku, ko uffan. Kunne lafiya lau, asibiti sun duba. A yage ledar biskit a can kasuwar Tudu zai waiwayo. Yatsa kawai yake nunawa, kafin ya sauke hannu duk gidan haya ya miƙe, mai ruwa na gudu, mai burodi na gudu, uwar kuma ta tambaye shi ta amsa wa kanta.

Surukarta Hajiya Asana ta ce yaruka ne suka cushe masa baki, ga Hausa ga Twi ga Ga. Bayan Sallah za ta ɗauke shi zuwa garinsu Bawku, ba zai dawo ba sai da magana. Wadia ta yi kuka, kukan ma da sharhi.

Maƙwabciyarta Mardiya, malamar makarantar yara, ta nuna mata bidiyon wata likitar magana a waya. Wai yawan yaruka ba ya ɗaure harshe. A tsuguna daidai idon yaro, a nuna masa abu biyu, a faɗi sunansu, sannan a yi shiru a jira.

"Shiru? Ni? Yaya Mardiya, nemo wani bidiyon."

Duk wanda aka buɗe, maganar ɗaya ce. Haka Wadia ta shiga jinyar baki. Ta kafa wa 'yan gidan doka, kowa ya ga yatsa ya ɗauke kai. Ita kuwa ta tsuguna, "Ƙosai ko burodi?" sai ta cije leɓe tana gumi kamar mai naƙuda. Masu sayen koko suka fara yi mata sannu da jiki.

Sallah ta wuce, Hajiya ta iso da jakarta. Wadia ta roƙi gwaji na ƙarshe. Ta tsuguna, ta ɗaga ƙosai, ta haɗiye harshe. Basit ya nuna, ba wanda ya motsa. Ya ƙara nunawa. Hajiya ta gaji, ta warce ƙosan ta jefa a bakinta.

Yaro ya dube ta sama da ƙasa, ya riƙe ƙugu.

"Kwasia! Ba ni!"

Zagin nan da uwarsa ke yi wa direbobi ne sak, har da murguɗa baki.

Hajiya ta haɗiye ƙosan da ƙyar, ta ɗauki jakarta. "Wadia, riƙe kayanki. Bakin uwarsa ne. Bawku ba ta yi mini laifin komai ba."

Yanzu su biyu ke zagin direbobi, uwa na jiran ɗa ya gama.