Karen da Baturiya ta Bar Mini a Nuzla

Ni haifaffiyar Jidda ce, jikar alhazan da suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ina da 'ya'ya biyu, ina wanki da guga a gidan wani Bature injiniya, mijina kuma yana dako a tashar jiragen ruwa. A gidan nan na san karen, irin wanda suke kira buldog: gajere, mai faɗin ƙirji, fuska duk a tattare kamar tsohon da aka ɓata wa rai. Da farko tsoronsa na ji, amma har yau ban ga dabba mai haƙuri irinsa ba. Ba ya haushin banza. In ina guga sai ya kwanta nesa da kayan, ya ɗora haɓa a ƙasa yana kallona.

Da aikin maigidan ya ƙare za su koma ƙasarsu, matarsa ta gaya mini tana hawaye cewa ba damar tafiya da shi, allura za a yi masa ya mutu. Ban shawarci kowa ba na ce a ba ni. Mijina ya ce halas, wato shi ke nan, tunda na riga na ɗauko, amma iyakarsa tsakar gida, kada ya kusanci ɗaki ko tabarmar salla. Karen kuwa kamar ya ji, bai taɓa ƙetare bakin ƙofa ba. Ƙaramar 'yata takan ja masa kunne, shi ko ɗaga kai ba ya yi.

Abin da bai zo mini a rai ba shi ne zafi. A gidan Bature akwai mukayyif mai hura sanyi, mu kuwa a unguwar Nuzla cikin sandaƙa muke, ɗakin katako da kwano. Hancinsa a danne yake, ko a inuwa numfashi yake yi da gurnani. Ruwa saye muke yi wajen masu kawowa a garwa, ga shi kullum sai na goge masa tattarar fuskar nan, in ba haka ba ta yi gyambo. Ga yawu yana dalala, ina cikin wanke kwano da sake zane kafin kowace salla. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya daina zama a ƙofarmu, yana cewa na kori albarka daga layin.

Wata rana da rani, rana tsaka, na fita zuwa unguwar Sa'alaba duba yayata da ke kwance ba lafiya, ban san ya biyo ni ba. Ban yi nisa ba na waiga, sai ga shi yana tangaɗi a kan yashi mai ƙuna, harshe ya yi shuɗi, amma bai fasa bina ba har ya faɗi a ƙafata. Na kasa ɗaga shi, na tsaya ina ihu. Wanda ya fito shi ne dattijon nan, da garwar ruwan da ya saya don gidansa. Ya yi ta zuba masa a ƙirji da ƙafafu har numfashin ya daidaita. Ya ce mini shi har gobe ba ya son kare, amma rai rai ne, kuma in ina ƙaunarsa da gaske in fitar da shi daga zafin Jidda. Yana da ɗan ƙane mai aikin lambu a Ɗa'ifa, can kan dutse inda ake sanyi.

Ranar da aka saka shi a motar kayan lambu bai yi haushi ba, ido kawai ya kafa mini har motar ta sha kwana. An ce ya yi shekaru yana gadin itatuwan rumman, kowa na yabon halinsa.

Na rubuto ne don masu sha'awar irin karen nan. Halinsa abin so ne, amma kafin ka ɗauko shi dubi zafin garinku, ruwan gidanka, tsarkin sallarka da haƙƙin maƙwabta. Shi ba zai taɓa nuna maka ya gaji ba. Zai bi ka har ya faɗi, don haka kai ne za ka yi masa tunani.