Gonar 'yata a saman bene

Shekarun baya, lokacin muna haya a hawa na biyar a unguwar Ainu Shams da ke Misra, 'yata ta fari tana da shekara takwas. Dama ba mai surutu ba ce, da muka baro gida kuwa sai shirun ya ƙaru. Larabcin makaranta ya ƙi zama a bakinta, yara suna yi mata dariya, har ta daina magana a aji. Aikinta zane a bayan littattafai.

Wata rana ina tankaɗe ta ajiye min takarda a cinya. Rufin benenmu ta zana, amma maimakon tankunan ruwa da karyayyun kujeru, ta cika shi da kuɓewa da yakuwa, ga kabewa tana bin igiyar shanya.

"Umma, gonar Kaka zan dawo da ita nan sama."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Mu da in famfo ya ɗauke sai mun hau da ruwa a jarka?" Kuma don tsabar wayona, da yamma na tsame ƙosai a kan takardar. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana kallon mai yana bin ganyayen da ta zana. Kwana uku ba ta taɓa fensir ba. Wannan ne ya tsorata ni, don shi kaɗai ne bakin da ya rage mata.

Na sauka wurin mai gidan, wata tsohuwar Bamisriya da ke hawan ƙasa, na haɗa ɗan Larabcina na roƙi makullin rufi. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke ke so, ko yarinyar?"

"Yarinyar ce, Hajiya."

"Khalas, ga shi. Amma in abu ya nuna, da rabona."

Muka tara gwangwanaye da tsohon bahon wanki, muka sayo ƙasa wurin mai sayar da furanni, mahaifiyata ta aiko da iri ƙulle a tsumma. Shukar farko rana ta ƙone ta ƙurmus. Na ce ma'alish, ba komai, mun dai gwada. 'Yata ta girgiza kai.

"Ba laifin rana ba ne, Umma. Mu ne ba mu yi musu rumfa ba."

Tsohon zanen ɗaurawata ya zama rumfa. Kullum bayan la'asar muna sama. Tattabarun maƙwabta suna zagaye a kanmu, kiran salla yana tasowa daga masallatai ta kowace kusurwa, birnin ya yi ruwan zuma har iya ganin ido. A tsakiyar duk wannan siminti, ga 'yar yarinya a tsugune tana yi wa kuɓewa hira da Hausa.

Ranar da fure ya buɗe, tsohuwar ta hau hawa shida da sandarta don ta gani. Na ji 'yata tana yi mata bayani da Larabci, tana tuntuɓe tana gyarawa, ba ta ko waiwayo ni ba. Kafin wata ya ƙare yaran benen sun zama ma'aikatanta, tana ce musu yalla, a kawo ruwa. Kuɓewa bakwai muka girba. Biyu na Hajiya, biyar muka yi miya, mahaifin yarinyar ya ci yana lumshe ido kamar an yanka masa rago.

Yanzu tana jami'a a gida, ilimin noma take karanta. Ban ce ni na kai ta ba. Abin da na yi kawai shi ne na daina tare hanya. Har yau in yaro ya zo min da zancen da ba ya kama hankali, dariyar tana tasowa, ba zan ɓoye ba. Sai in haɗiye ta, in ce, "To, da me za mu fara?"