Matakalar Inna

Ina tsaye a wurin mai walda a Bagudo, maigidana yana yi mini lacca kan ƙarafa biyu da aka liƙa wa a-kori-kurarsa a ƙasan ƙofofi. Wai don kada duwatsun hanyar boda su lotsa masa mota. Motar da ta girmi jihar Kebbi, jama'a. Na duba, ban ga inda ya rage a lotsa ba.

Da muka koma gida, Inna, mahaifiyarsa, ta fito ta zagaya motar. Shekara biyu rabonta da ƙanwarta da ke aure a ƙasar Benin, saboda ciwon gwiwa ya hana ta hawa motar nan. Ta taka ƙarfen, ta dafa ƙofa, sai ga ta a kujera.

"Ashe kana lura da ƙafata, Umaru? Allah shi yi maka albarka."

Ya kalle ni. Na kalli sama.

"Amin, Inna. Dama don ke aka yi."

Gobe zai kai ta Benin. Ku ba ni shawara: in tona, ko in bar shi da albarkar da ya tsinta?