Littafin Da Na Bari A Zauren Mai Gari

Ba zan taɓa manta ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar wata Laraba ba, don a daidai lokacin ne wani mutum ya dafa littafina ya ce, "Ke, mi kike rubutawa?"

Ina ɗaliba a Gusau a lokacin. Yayana yana haɗa albam na kiɗan kwamfuta a kan rafukanmu da ke ƙafewa, ba baitin waƙa ko ɗaya, sai kiɗa da kukan tsuntsaye da motsin ruwa. Ni ya roƙa in ɗauko masa sautin, don ya san ba na wasa da aiki. Kwana uku ina zuwa bakin rafin wani ƙauye a Bunguɗu, in ajiye rakoda, in zauna shiru. Kunya ba ta barin in yi wa kowa magana.

Duk ƙarar da za ta ɓata sautin sai in rubuta lokacinta, don yayana ya yanke. Mutumin da ya dafa littafin ya tasa ni gaba har wajen mai gari. Abin da aka karanta a zauren mai gari ke nan, da ƙarfi, a gaban mutane: "Shida da rabi, an koro shanu. Bakwai saura kwata, mata sun zo ɗibar ruwa. Bakwai, babura biyu sun fita."

A garin da aka sha kwashe wa shanu! Sai a lokacin na ji yadda rubutun yake a kunnensu. Mai kai wa ɓarayin daji rahoto ba zai rubuta fiye da haka ba.

"Tsuntsaye nake ɗauka," na ce.

"Tsuntsaye ke hawan babur?" in ji wani daga baya.

Na kunna musu kiɗan yayana a waya. Ba wanda ya yi murmushi. Mai gari ya kira mahaifina a waya, ya yi masa tambayoyi, ya sake jero su a wata siga ko zai canza amsa. Sai bayan azahar aka sallame ni, aka goge sautin, aka riƙe littafin.

A bakin ƙofa na daure na tambayi mai gari, "Baba, don Allah mene ne laifina?"

Ya ce, "Ɗiyata, kwana uku kina sauraren rafinmu, ba ki gai da mutum ɗaya ba. Da kin yi mana sallama ranar farko, da ni da kaina zan kai ki inda tsuntsayen suke."