Akwatin da Yuk-lan ta Zauna a Kai

Rigimar farko da Tong Yuk-lan ta yi a harkar fim, da akwati ta yi ta, kuma akwatin ne ya yi nasara.

A makonta na farko ne a wani kamfanin fim da ke unguwar Kowloon a Hong Kong, zamanin da ake ɗaukar hoto a kan naɗin fim, a kai a wanke, sai washegari a ga abin da aka yi. An raba kwalayen shinkafa da rana, ƙafafunta sun yi tsami, ta waiga ta ga wani akwatin ƙarfe mai daɗin zama, ta ɗora jikinta a kai. Ba ta kai loma ta biyu baki ba wuri ya yi tsit. Sifu Mak, mai riƙe da kyamara, ubangidanta a sana'a, ya taso da tsinken cin abinci a hannu kamar zai tsire ta.

"Ke 'yar mai kifi, a gidanku ba a koya miki inda ake ajiye mazaunai ba?"

"Sifu, akwati ne fa."

"Akwatin gilasan kyamara ne. Mace ba ta zama a kai, hoto dishi-dishi yake fitowa."

"Ai ga Kawu Fei mai fitilu can a kan ɗayan, kuma ya ninka ni biyu."

"Fei namiji ne."

"To gilashin ta ina yake leƙowa ya tantance? Na ga murfin a rufe yake."

Kowa ya yi dariya ban da Sifu. Washegari aka wanko fim, fuskar jarumar ta fito kamar an hango ta ta cikin tururin tukunya. Duk wurin an san mai saita gilashin kyamara da mayen jiya ya zo aiki, yana awo yana hamma. Amma shi ƙanin matar furodusa ne, ita kuwa 'yar mai kifi ce. Haka ta sayo lemu da turaren tsinke, ta rusuna a gaban akwati, garada suna kallo, ta ba shi haƙuri. Akwatin bai ce ya yafe ba.

Tun daga ranar ta daina zama a wurin aiki. A tsaye take cin shinkafarta, a tsaye take shan shayi. Tsayuwa dai ba baƙuwarta ba ce. A jirgin masunta aka haife ta a gaɓar garin Sai Kung, ta iya dogarewa a kan katako mai lilo tun kafin ta iya magana. Uwarta ta so ta gaji teburin kifi. Ita kuwa tun ranar da 'yan fim suka zo bakin ruwa, ta ga wani yana jan tef ɗin awo daga kyamara zuwa fuskar jarumi kamar tela, ta ce wannan aikin take so. Uwar ta ce ko ba komai kifi ba ya zagin mai sayar da shi.

Sifu Mak kam yana zagi, amma a cikin zagin yake koyarwa. A bakinsa ta ji cewa awo zuwa idon jarumi ake yi, ba zuwa hancinsa ba, don ba wanda ya sayi tikiti ya zo kallon hanci. Ƙura hure ta ake fara yi kafin a goge, in ba haka ba ka karce gilashi da hannunka. Kada ka tsaya inda idon jaruma zai faɗa a kanka tana cikin kukan ƙarya, sai kukan ya tsere, a ce kai ne. Ba a gudu da gilashi a hannu ko da darakta yana kumfar baki. In za ka miƙa wa wani, ba ka saki sai ya ce "na riƙe" da bakinsa, ko da ka ga yatsunsa a kai. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne, akwati ko iska ce kaɗai a cikinsa, in ka rufe ka danna makullansa, don wanda zai sure shi a bayanka bai san ka yi lalaci ba.

Ta daɗe tana loda fim a cikin baƙar jaka da lalube, tana manna alamar tsayuwa a ƙasa, kowane jarumi da launinsa. Maza uku da suka zo bayanta suka wuce ta. In aka ce wa Sifu ya rabu da ita, sai ya ce bai ga wanda zai riƙa kawo masa shayi da zafinsa ba. Iyakar yabon da ta taɓa samu ke nan, kuma ta gane yabo ne.

Da aka zo wani fim na 'yan fasa-ƙwauri da za a ɗauka a kan ruwa, mai saita gilashi ya ce shi ko gada ya hau amai yake yi. Sifu ya dubi Yuk-lan, ya miƙa mata tef ɗin awo. Furodusa Chiu ya yarda da ƙyar, da sharaɗin in hoto ɗaya ya lalace ta koma teburin uwarta. A garin da 'yan fim duk a shagon shayi ɗaya suke gulma, wadda aka kora daga nan ba wanda zai sake ɗaukarta.

Ran nan da hantsi suna cikin jirgin ruwa a teku iska ta taso. Darakta yana ihu a sauya gilashi kafin gajimare ya rufe rana. Sifu, saboda sauri, ya buɗe akwati da kansa, ya zaro wanda yake so, ya cire na jikin kyamara ya miƙa mata. Ta ce, "Na riƙe." Ya tura murfin da ƙafa, bai danna makullai ba. Ta gani.

Sai ga igiyar ruwa ta ɗaga jirgin. Akwatin ya zame ya nufi gefen da ba shinge, murfinsa yana buɗe baki yana rufewa. Hannunta ɗaya da gilashi, ɗayan ta cafke ƙafar kyamara da ta fara tangaɗi. Maza duk sun rungume abin da ya fi kusa da su, Kawu Fei ma darakta ya runguma. Abu ɗaya ne ya rage mata a jiki wanda ba ya aikin komai. Ta ja kyamarar taku guda, ta zauna daram a kan akwatin, ta kafa dugaduganta a katako.

Jirgi bai gama lafawa ba aka fara shari'a.

"Ta zauna," in ji Kawu Fei, kamar mai sanar da rasuwa.

Furodusa Chiu ya rarrafo daga wajen bokitin da yake amai a ciki, fuskarsa kore shar. "Shi ke nan, ta kashe mana gilasai. Sai da na faɗa maka, Mak. Mace a jirgi, mace a kyamara, yanzu ga mace a kan akwati."

"Maigida Chiu, akwatin fa ruwa zai faɗa," in ji darakta.

"Sai ta tare da ƙafa. Ba ta da ƙafa ne? Kuma wane sakarai ne ya bar shi a buɗe? Ba aikinta ba ne rufewa?"

Sifu Mak ya tsura wa bayan kyamararsa ido kamar yau ya fara ganinta. Kunnuwansa sun yi ja. Yuk-lan ta dube shi. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, tsoho kuma ya zama abin dariyar shagon shayi har ya mutu, a kan dokar da shi ya kafa. Ta haɗiye kalmar.

"Sallame ta," in ji Chiu. "Ke kuma tashi daga nan, kina ƙara mana masifa."

Yuk-lan ta tsufa tana saita gilashi, sai da idonta ya gaji don kansa ta ajiye tef. Sifu ya tafi kabari ba wanda ya ji wa ya bar murfin a buɗe. A kan akwati ba ta ƙara zama ba, ta ce ba shi da laushi. Amma duk wanda ya hau jirgin nan ya haddace amsar da ta bayar, don daga jin ta Sifu ya tuntsire da dariya har ya ƙware, ya ce a koma bakin aiki, Chiu kuma ya koma wajen bokitinsa bai ƙara tofawa ba.

A ranar, tana nan zaune a kan akwatin, jirgi yana ta lilo, teku a bayan ƙeyarta. Ta ce:

"Na ji, Maigida, yanzu zan tashi. Sai dai ka fara tura wani ya nutsa, ya gaya wa matan kifaye in akwatin ya iso musu kada su zauna a kai."