Gululun Kaka Selina

Duk wanda ya tashi a Tansy Cove, can ƙuryar arewacin tsibirin Newfoundland, ya sa safar da Inna Dulcie Hillier ta saƙa. In bai sa tata ba, to da zaren da ta kaɗa aka saƙa tasa. Gidaje goma sha tara ne garin, jirgin ruwa ne kawai hanyar shigarsa, kuma babu ƙofar da ba ta taɓa turawa ba tare da sallama ba, da ƙunshin ulu a hammata. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, bakinta ba linzami. Mijinta Garland yakan ce gara guguwar teku da gaskiyar Dulcie, don ita guguwa tana lafawa.

A wurin kakarta Selina ta koyi kaɗi. Sauran matan gari da keken kaɗi suke aiki, Kaka Selina kaɗai ke da mazari na hannu, da gululunsa na wani dutse mai laushi, ruwan toka, mai huji a tsakiya. Dulcie tana shekara bakwai ta ga dutsen sumul kamar sabulu, ta gartsa masa cizo don ta ji ko zai yi kumfa. Haƙoranta biyu suka bar shaida a gefensa. Bayan shekara guda ta ɗauke shi a ɓoye ta kai wasan 'yar tsana a tuddan bayan coci, ya faɗa cikin ciyawa, aka neme shi har aka gaji. Ta sha bulala ranar, kuma Kaka ba ta ƙara kaɗi ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Shekara arba'in ta shuɗe a kan wannan. Kifi ya fara ja baya, sai ga takarda daga gwamnati: ƙananan garuruwan da ba hanyar mota za a tashe su, a haɗa mutanensu a babban gari inda ke da makaranta da asibiti. Ana cikin wannan zulumi ne jirgin wasiƙa ya sauke baƙi biyu masu tonon tarihi. Ɗaya mutumin Norway ne, dogo, ba a iya faɗin sunansa ba sai aka sa masa Dogo. Ɗayan daga birni, lofe ba ya barin bakinsa, ya zama Mai Lofe. Tuddan bayan coci suka zo gani. Dogo ya ce kufan Norsawa ne, mutanen ƙasarsu da suka ƙetaro teku shekara dubu da ta wuce. Mai Lofe ya ce sai ya gani a ƙasa.

Mu dai mutanen gari lissafinmu ɗaya ne. In kufan na gaske ne, za a kawo titi, baƙi su riƙa zuwa, garin da ke da titi kuwa ba a tashinsa. Maza suka ajiye komar kamun kifi suka ɗauki shebur. Wata biyu ana tono, abin da aka samu gawayi ne da ƙusa guda mai tsatsa. Mai Lofe ya juya ta a tafin hannu ya ce kowane kwale-kwale a garin nan yana da irinta ɗari.

Sai ranar wata Talata aka tono ɗan dutse mai huji.

A gidan Dulcie baƙin ke cin abinci, don haka a kan teburinta aka yi muhawarar, tsakanin kwanon busasshen kifi da dankali da tukunyar shayi. Garland da wasu dattawa suna jingine da bango suna saurare.

"Gululun mazari ne," in ji Dogo. "Inda aka yi kaɗi akwai mata, inda mata suke kuwa zama aka yi, ba ratse ba."

"Ko kuma nauyin ƙugiya ne da wani masunci ya yar bara waccan," in ji Mai Lofe. "A gindin ciyawa fa aka same shi, abokina, ko taƙi ɗaya bai kai ba. Shekara dubu ba ta kwanciya sama-sama haka."

Dogo ya ce, "Sanyi yana turo duwatsu sama. Dubi gurbin nan biyu a gefe, cin zare ne na shekara da shekaru."

"Kai ko tsohon takalmi ka tono, sai ka ce na kakanka ne."

Dulcie ta zo ƙara musu shayi, idonta ya faɗa kan dutsen, ta tsaya cak da tukunya a hannu. Wallahi a lokacin ba Norsawa ta tuna ba, ƙamshin ulun Kaka ta ji, da zafin bulala a ƙaurinta. Garland ya san matarsa, ya ga fuskarta ya gane akwai magana. Ya bi ta ɗakin ajiya ya ja ƙofa, ta gaya masa cikin raɗa.

"Dulcie, don girman Allah ki haɗiye wannan," ya ce. "Gida goma sha tara ne a kan harshenki. Ga kabarin mahaifiyarki, ga na ɗanmu. Wa ya tambaye ki?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

"To ki bar masu ilimi su yi ta fama da juna."

Kwana uku ta yi tana haɗiyewa. Ta so garin nan kamar ranta. Amma a rana ta huɗu ta ji Dogo yana karanta wa abokinsa rahoton da zai aika, yana kwatanta wata mace ta dā zaune bakin murhu tana kaɗi har zare ya ci dutse. Sai ta ajiye tsumman hannunta.

"Bawan Allah, ba zare ba ne ya ci shi. Ni ce."

Ta ba su labarin tun daga cizon har bulalar. Ta fiƙe wani ɗan itace ta zura a hujin, ta jawo ulu, ta murza a cinya, mazarin ya kama juyi lafiya lau kamar jiya aka ajiye shi. Mai Lofe ya ci muhawara, amma ko murmushi bai yi ba. Dogo ya dubi zaren, sa'an nan ya yage takardarsa, ya ce mata ta riƙe kayan kakarta. Jirgin wasiƙa na gaba ya tafi da su.

Da lokacin kaka ya zo aka fara tashin gari. Aka ɗaura wa gidaje gangunan mai marasa komai, aka tura su ruwa, kwale-kwale suna ja. Dulcie tana zaune a jirgin Garland tana kallon gidanta yana biyo ta a kan teku, labulenta na nan a taga. Akwai matan da suka shekara biyar ba su amsa gaisuwarta ba. Safarta dai ba su daina karɓa ba, don sanyi ba ruwansa da gaba.

Ta tsufa a babban gari, a gidan da ke kallon titi maimakon teku. Garland ya rasu bai taɓa goranta mata ba, abin da ya fi bulala ciwo. Wata bazara wanta Eldred, wanda ya ƙare rayuwarsa a jiragen kamun kifi na nesa, ya zo mata ziyara yana dogara sanda. Ya tarar da ita tana kaɗi a baranda.

"Har yanzu dutsen Kaka na nan? Ja'ira, ashe kin gano shi."

"An gano mini shi dai, ya kuma ci gari guda."

"Ai na ji labari a bakin mutane." Ya karɓa ya jujjuya shi. "Ina nan ranar da ta same shi, ba a ma haife ki ba. Tana haƙa kunyar dankali a tuddan nan na bayan coci, ta yi zurfi har gwiwa, sai ga shi cikin gawayi, da hujinsa da komai. Ta ce wadda ta yi wannan ta san aikinta. Shi ya sa ma ta koma kaɗin hannu."

Dulcie ta dube shi har ya tsargu.

"Yaya, kuma ka kasa faɗa?"

"Ina teku shekarar. Da na dawo gidaje sun riga sun haye ruwa. In faɗa wa wa, in ƙara miki baƙin ciki?"

Ba ta yi kuka a gabansa ba, shayi ta haɗa masa. Ashe dutsen na mutanen dā ne, kamar yadda Dogo ya ce, amma ta san ba inda za ta kai maganar. Dogo ya rasu, kuma maganar tsoho a kan abin da matacciya ta faɗa ba hujja ba ce wurin masu ilimi. Gaskiya ta faɗa a wancan teburi, sai dai rabinta kawai ta sani.

Kafin Eldred ya koma ta sa aka kai su Tansy Cove a kwale-kwale. Ciyawa ta cinye komai. Inda gidaje suka tsaya duk sun zama 'yan tuddai, har suka yi musu a kan wanne ne nasu, wanne ne na bayan coci. Da suka daidaita, ta durƙusa da ƙyar, ta karɓi sandarsa ta huda ƙasa iya ƙarfinta, ta zare gululun daga mazari ta tura shi ciki, ta danne da tafin hannu.

"Ke dai ba kya jin magana," in ji Eldred. "Wata rana wasu za su tono shi, su sake kama gardama."

"Su yi ta yi," ta ce, tana kakkaɓe gwiwa. "Ko ba komai, wani zai zo garin."