Abin da Na Gaya wa Dada Asta

Da sunan Allah nake farawa, kuma shi nake roƙo ya tsare harshena daga ƙara ko ragi. Samari, ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya mata a gida, su kuwa ba su cuci kowa ba.

Ni ɗan maƙerin azurfa ne. A Dawaki aka haife ni, cikin garin Gombe. Na yi makarantar allo har na sauke, hannuna kuma ya faɗa da ajami, ta yadda in an kawo zobe ni mahaifina ke miƙa wa in zana sunan mai shi. Da ya rasu na gaji rumfarsa a kasuwa, na gaji mutanensa. Yawancinsu matan Fulani ne. Su ba ruwansu da banki. Dukiyar mace tana wuyanta, wato liyari, manyan kuɗin azurfa na zamanin da, masu hoton kan wata mace. Maƙeri ya liƙa wa kowanne ɗan kunne, a jera su a zare. Uwa ta bar wa 'yarta, miji ya ba matarsa, kuma ba a sayarwa sai babbar lalura ta taso. Gab da kowace salla sukan kawo a wanke musu da tsamiya da toka. Su ajiye a rumfa, su wuce tallan nono, sai wata ranar kasuwa su dawo su karɓa. Ba shaida, ba takarda. Haka suka yi da kakana, haka suka yi da ubana.

A cikinsu akwai wata tsohuwa, Dada Asta, rugarsu tana can bayan Tumfure. Ɓingel take kirana, wato yaro, ko da furfura ta fara fito mini. Takan zo mini da man shanu a ɗan kwano, ta zauna a bakin rumfa ta ce, "Ɓingel, ubanka ya fi ka iya wanki. Kai dai ka fi shi surutu." Liyarinta kuwa marigayi mijinta ne ya ba ta. Ta sha ba ni labarin tana dariya. Wai bijimi ya sayar ya saya, amma kunya ta hana shi miƙa mata, sai ya rataya zaren a ƙahon saniya ya koro ta wajenta.

Wata rana Oga Emeka, wani mai sayar da kayan janareta a Herwagana, ya kawo gyaran zoben matarsa. Mutum ne mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi. Ya ga liyari a tasa, ya ɗauka ya juya, ya ce, "Malam, ka san abin da ke hannunka kuwa?" Ya buɗe waya ya nuna mini yadda masu tara irinsa ke rububinsa, da yadda wasu ke sayen azurfa sanda-sanda su ɓoye, suna jiran ta yi tsada. Na ce ba nawa ba ne. Ya ce, "To, in mai shi za ta sayar, ka neme ni." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in yi sata ba, kuma ba zan ɗora masa ba.

Da ƙwaya ɗaya na fara. Na zaɓi zaren wata mata da ke zuwa daga nesa, na danna liyari ɗaya a yumɓu na fitar da siffarsa, na zuba tagulla, na yi masa ruwan azurfa. Ranar da ta zo karɓa na miƙa mata. Ta rataya, ta yi godiya, har ta ƙara mini nono. Na ce a raina aro ne, zan mayar. A sallar da ta biyo na canja na mutum uku.

Liyarin gasken da na cire, masu kyan jiki nakan cire musu kunne in sayar. Waɗanda suka goge kuwa in narka su in zuba sanda. Oga Emeka bai daɗe yana saye ba. Ya dube ni wata rana ya ce, "Malam, Fulanin nan duka rana ɗaya suka yanke shawarar sayarwa?" Na yi dariya, shi bai yi ba, kuma bai sake takowa rumfata ba. Sai na sami masu saye a waya daga Kano da Legas, waɗanda ba sa tambaya.

Kada ku zaci na ci na sha. Ban sayi mota ba, ban canja riga ba. Sandunan nake tarawa a akwati a ƙarƙashin gado. In na sallame asuba, kafin in ja carbi, waya nake dubawa in ga ko azurfa ta hau. Ina limanci a masallacin layinmu in liman ya yi tafiya. Da haka har na kai ga zaren Dada Asta, gab da babbar salla. Shi ba ɗaya na canja ba, duka na kwashe.

Da bazara sai ga ta da hantsi, ba ƙwarya a kanta, ba man shanu. Ba ta zauna ba. Ta cire zaren ta aza mini a hannu.

"Ɓingel, auna ka ba ni kuɗinsa. Matar ɗana Buba tana asibiti, haihuwa ta gagara, sai an yi mata aiki, ga jini ana nema. Buba ya yi kudu da shanu, waya ba ta shiga. Ban kai wa kowa ba, gidanku na sani."

Ku saurara da kyau a nan. Azurfarta tana ɗakina. Da na ɗauko sanda ɗaya na kai wa 'yan'uwana maƙera, da kafin azahar ta riƙe kuɗi. Amma a makon nan azurfa tana hawa, ina ganin in na sayar na yi asara. Na kuma ji tsoron kada ta kai zaren wata rumfa a gane hannuna. Sai na ɗauko dutse na goga liyari ɗaya a gabanta har jan tagulla ya bayyana. Na girgiza kai kamar mai tausayi.

Na ce, "Dada, wannan ba azurfa ba ce."

Ta ce, "Kai, ɓingel, bar wasa."

Na ce, "Wallahi ba azurfa ba ce. Tun asali jabu aka ba ki. Baba ya sani, nauyin gaya miki yake ji."

Ta daɗe tana kallon jan nan. Sannan ta ce a hankali, "Marigayi ya ce mini bijimi ya sayar." Na zaro ɗan canji na ba ta kuɗin Keke, ta karɓa, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ta manta zaren a kan tabarmata. Ban bi ta da shi ba.

Ba ta sake zuwa ba, ni kuma ban tambaya ba.

Asirina ya tonu a ƙarshen damina. Gumi da ruwan sama suka cinye ruwan azurfar, wuyan mata ya fara yin kore. Suka haɗu wajen tallan nono suna nuna wa juna, aka ga duk rumfa ɗaya suka kai wanki. Mazajensu suka zo da 'yan sanda. Aka fito da akwatin a gaban matata da maƙwabta. A kotu na amsa laifina, aka sayar da sandunan aka raba wa masu ƙara, aka kai ni gidan yari. Dada Asta ba ta cikin masu ƙara. Ba wanda ya ambace ta, ni ma ban ambace ta ba.

Shekarun da na yi a ciki ba yunwa ko kuɗin cizo ne suka fi damuna ba. Ina koya wa fursunoni karatu, suna ce mini Malam, ni kuwa na san abin da kowane ɗalibi ya sani: Allah yana yafe abin da ke tsakaninka da shi, amma haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe. Na ƙudurta ina fita wajenta zan fara zuwa.

Da aka sake ni na hau Keke zuwa Tumfure. Inda rugar take gidajen bulo ne yanzu, har da shagon caji. Na yi ta tambaya har aka kwatanta mini Buba a kasuwar shanu. Na same shi a gindin bishiya, na faɗi ko ni ɗan wane ne, na tambayi Dada.

Ya ce, "Allah ya yi mata rasuwa. Tun farkon daminar shekarar da matata ta rasu da cikinta."

Na tambaye shi ko ta bar wata magana.

Ya ce, "Ba ta yi magana da yawa ba. Abu ɗaya ne ya ɗaure mana kai. Da can kowace Juma'a takan yi wa Baffa, mahaifina, sadakar nono. Daga rasuwar matata ta daina. In an ambaci sunansa sai ta tashi ta bar wurin. Har ta cika ba ta gaya mana dalili ba."

Na durƙusa a cikin kashin shanu na gaya masa dalilin, ban rage komai ba. Na so ya ɗaga sandarsa ya fasa mini kai. Bai ɗaga ba. Ya daɗe yana kallon shanunsa, sannan ya ce, "Nawa haƙƙin, tashi ka tafi, ba na son in sake ganinka. Na matata da na Baffa da na Dada kuwa ba a hannuna suke ba. Ka same su can."

Yanzu ina wankin babura a bakin titi. Na tuba, ina kuma kan tuba, amma ban san matsayina ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini a duniyar nan.

'Ya'yana, tara azurfa ba haram ba ne. Ku saya da guminku, ku ajiye, ku fitar da zakka. Amma duk abin da aka aza muku a hannu don an yarda da gidanku, ku mayar da shi yadda ya zo. Wanda kuma ya riga ya ci na wani, ya ajiye wannan takarda ya tafi wajensa yau, tun mai shi yana iya buɗe baki ya ce na yafe. Ni waɗanda zan roƙa duk suna ƙarƙashin ƙasa.